Mu san abin da ke cikin dajinmu tun bai ɓace ba



Yau ina son mu fara da wani ɗan gwaji. Da marece, in yara sun taru a ƙofar gida, ka kira biyar daga cikinsu. Ka ce su lissafa maka sunayen itatuwan da suka sani. Za su ce bedi, su ce gawo, su ce kuka, su ce mangwaro. Mai ƙoƙari ya ƙara aduwa da magarya. Daga nan sai ka ji shiru. Sa'an nan ka tafi wurin tsohuwar da ta fi kowa shekaru a unguwa, ka yi mata wannan tambaya. Ita kam sai ka gaji da ji: ƙirya, marke, taramniya, daniya, kanya, ɗinya, tsada, taura, faru, jiga, anza, hano. Kowane icce za ta gaya maka inda yake tsirowa, da lokacin da yake yin ɗiya, da abin da ake yi da ganyensa, da wanda ake jin tsoronsa.

Tsakanin amsar yara da amsar tsohuwa akwai babban rami. Ranar da aka kai tsohuwar nan makwancinta, tare da ita za a rufe abin da ta sani, in dai ba a rubuta shi ba.

Saboda haka ga ra'ayina. Ya kamata kowane gari ya sami ƴan sa kai, mutum shida ko takwas, waɗanda za su riƙa zagaya gonaki da daji sau uku a shekara. Tsofaffi su faɗi suna, waɗanda suka koyi karatu su rubuta. A rubuta itatuwa, da ciyayi, da tsuntsaye, da ƙwari, da namun daji. A rubuta abin da ke nan, da abin da ya ragu, da abin da ya ɓace, da baƙon da ya shigo. Wannan aiki ba ya bukatar mota, ba ya bukatar kuɗin waje. Kaye guda da alƙalami da ƙafafu sun isa. Bari in kawo dalilaina.

Wanda ya gane ganye ya raya daji

A farkon shekarun 1980, gonaki da yawa na jahar Maraɗi fili ne fetal. An sare itatuwa, iska tana kwasar ƙasa, rairayi yana binne shuka. Ana ta dasa itatuwa, amma mafi yawansu suna mutuwa. A 1983, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya tsaya a hanya, ya duba wani ɗan tsiro irin waɗanda ake sassabewa kowace shekara. Da ya lura da ganyen, sai ya gane cewa icce ne wanda aka sare, kututturensa da saiwarsa suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ba a bukatar a dasa shi. Ana bukatar a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a rage sauran, a kare su daga gatari da baki. Wannan shi ne abin da muke kira sassabin zamani.

Manoma suka karɓi dabarar, suka gyara ta, suka yaɗa ta daga gari zuwa gari. A garuruwa irin su Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, mutane sun kafa kwamitin da ke tsaron itatuwan gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a ƙasarmu. Duk wannan alheri ya faro ne daga abu ɗaya: wani ya tsaya ya duba ganye, ya gane mai shi.

To, mai yin sassabin zamani dole ya san abin da zai bari. Yaron da bai iya bambanta tsiron gawo da sauran ƙayoyi ba zai sare shi da hauya ɗaya. Alhali gawo shi ne iccen da ke zubar da ganye da damana, ya bar ma hatsi rana, ya kuma yi ganye da rani, ya ba dabbobi inuwa da ɗiya. Saiwarsa da ganyensa suna ƙara ma ƙasa ƙarfi. Shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Sarakunan Damagaram na da sun san haka, har suka hana saransa da hukunci mai tsanani. Wanda ya bi hanyar Matamai da Magariya da Mirya ya ga amfanin wannan gado da idonsa. Amma gadon icce ba ya ɗorewa in ba a gaji saninsa ba.

Ilimin da ya tsai da rai a shekarun yunwa

Manyanmu ba su manta da yunwar 1973 da 1974 ba. Ba su manta da ta 1984 ba, wadda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari. Mu ma mun ga ta 2005. A waɗannan shekaru, da rumbuna suka ƙare, daji ne ya riƙe gidaje da yawa. Mata sun tsinko jiga da yaɗiya da tafasa da gasaya. An ci dubagira, an tsotsi aduwa, an daka magarya, an fasa goriba. An kuma ci anza.

Mu tsaya a kan anza kaɗan. Icce ne mai jure fari, yana zama kore lokacin da kome ya bushe. Ƙwayar ɗiyansa abinci ce mai riƙe ciki. Amma tana da ɗaci mai cutarwa. Sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa, har ɗacin ya fita, kafin a dafa. Wanda ya san wannan ya ciyar da iyalinsa. Wanda bai sani ba, ko dai ya zauna da yunwa kusa da abinci, ko ya ci abin da zai kwantar da shi. Ku tambayi ƴan mata na yau: nawa ne suka iya gyaran anza? Ba ma fatan yunwa, Allah ya kiyaye. Amma duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san damana ba ta da tabbas.

Kuma waɗannan itatuwa ba na ranar wahala kaɗai ba ne. Ganyen kuka da zogale da tafasa suna gina jikin yara da mata masu ciki. Ana sayar da su a kowace kasuwa. A Damagaram an kafa wata masana'anta a 2014, mai sarrafa ɗiyan anza da aduwa da magarya da daniya, tana sayensu daga hannun matan karkara. Abin da wasu ke raina wa suna cewa abincin yunwa ne, ya zama hanyar samun kuɗi. Garin da ya san yawan irin waɗannan itatuwa a ƙasarsa, ya san dukiyar da yake da ita.

Sanin aboki da maƙiyi a gona

Manomi yana kwana da maƙiya da yawa, yana kuma da abokai da bai sani ba.

Ga murzuna, tsutsar da ke sassaƙar zangarniyar hatsi tana zagaya ta. Tana iya lalata gona guda ana gab da girbi. Amma Allah ya yi mata maƙiyi: wani ɗan ƙaramin ƙwaro mai kama da zanzaro, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Macen tana harbin tsutsar, ta sandare, sa'an nan ta yi ƙwai a jikinta, ɗiyan su cinye ta. Masu binciken aikin gona na INRAN a Maraɗi sun yi kiwon wannan ƙwaro, an kai shi garuruwa cikin ƙananan buhuna ana ratayawa kusa da gonaki. Wanda bai san shi ba zai fesa magani ya kashe mai taimakonsa tare da maƙiyinsa.

Haka shamuwa. Kowa ya san zuwanta albishir ne na damana. Amma kaɗan ne suka lura cewa fara ce babban abincinta. Balbela ma tana bin garke tana tsintar fara. Mujiya, wadda ake jifa ana cewa mugun tsuntsu ce, kusu take kamawa da dare, shi kuwa kusu shi ke ɓarna a rumbu. Bushiya ƙwari take ci. Duk waɗannan ma'aikata ne da ba a biyan su ko dala.

Akwai kuma baƙi. A 2016 aka fara ganin wata tsutsa a Afirka ta Yamma, wadda ta fito daga nahiyar Amurka, tana cin zuciyar masara da dawa. Ana gane ta da alamu biyu: a goshinta akwai zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiyarta kuma akwai ɗigo 4 baƙaƙe. Kun ga amfanin karatu: wanda ya san harafin Y zai gane ta nan da nan. Haka farin dango, da ya faɗa ma ƙasarmu a 1988 da 2004. Wanda ya iya bambanta shi da farar gona ta kullum, in ya ga ɗiyansa suna taruwa suna tafiya tare, zai garzaya ya sanar da malamin gona tun ba su yi fiffike ba. Kwana uku na jinkiri suna iya zama asarar shekara.

A wajen ciyayi ma haka ne. Ƙuduji yana da fure mai kyau, amma saiwarsa a jikin saiwar hatsi take tsotso. Tushe guda yana zubar da iri dubbai, kuma irin yana iya jira cikin ƙasa fiye da shekara 10. Maganinsa na farko shi ne a tuge shi tun bai yi iri ba, a tara a ƙone. Makiyaya kuma suna kuka da hatsin maka, wanda ya mamaye burtali da makiyaya da yawa a kudancin ƙasa, ya kori ciyawar da dabbobi ke so. Bai mamaye su a dare ɗaya ba. Da kaɗan kaɗan ya fara. Da akwai masu zagayawa suna rubutawa, da an ga tafiyarsa tun yana bakin hanya.

Lafiyar iyali

Sanin abin da ke daji rigakafi ne, rigakafi kuwa ya fi magani. Yaro ya kamata ya san zaƙami, ya san cewa ɗiyansa suna juya hankali, suna iya kisa. Ya san cewa ɗiyan bini-da-zugu da na zurma guba ne, ko da sun yi kama da abin ci. Ya san cewa nonon tumfafiya yana cutar da ido. Matar da ke sayen fara a kasuwa ta san cewa farar da aka fesa ma magani ba ta ciwuwa.

Ga kuma macizai. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, amma tana cikin macizan da suka fi kashe manoma a wannan yanki na Afirka. Dafinta yana hana jini daskarewa, har mutum ya riƙa zubar da jini ta dasashi da wurin sara. Akwai kasa, akwai gamsheƙa, akwai kuma macizai da yawa marasa dafi masu cin kusu. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da ƙarfi. A cire zobe da munduwa, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa gidan likita ba tare da ɓata lokaci ba. Kada a tsaya farautar macijin. Amma in wanda ya gan shi ya iya faɗin kamarsa, wannan zai taimaki ma'aikacin lafiya.

Sai dai in ja kunne a nan. Rubuta sunan icce da abin da tsofaffi ke yi da shi, adana sani ne. Ba izinin ba yaro jiƙo ba ne. Yaron da jikinsa ya yi zafi da damana, a kai shi gidan likita a auna jininsa a ranar, domin zazzaɓin cizon sauro ba ya jira.

Mutanen karkara sun riga sun nuna za su iya

Wani zai ce wannan aikin manyan masana ne. To, mu tuna da kurkunu. A farkon shekarun 1990, da aka bi gari gari ana ƙirgawa, an sami mutum fiye da dubu 30 masu wannan ciwo a Nijar. Wa ya kore shi? Likitoci sun yi nasu, amma ƙashin bayan aikin ƴan sa kai ne na ƙauyuka. Su ne suka riƙa bin gida gida, suna rubuta wanda ya kamu, suna raba ƙyallen tace ruwa, suna hana mai ciwo shiga tabki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙasarmu ta rabu da kurkunu. Kaye da ido da naci suka yi wannan aiki.

Mu duba kuma raƙumin dawa. A da yana yawo daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da fari da saran daji suka ƙarar da shi, har a 1996 aka ƙirga 49 kaɗai suka rage a duk Afirka ta Yamma, dukansu a wajen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Aka tashi tsaye. Ma'aikatan daji da masu bincike da ƴan jagora na garuruwan wurin suka riƙa ƙirga su kowace shekara. Kowane raƙumin dawa yana da zanen jikinsa dabam, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsa. Ana ɗaukar hotonsa dama da hagu, a san shi shi kaɗai. Bayan shekara ashirin da ƴan kai, yawansu ya wuce 600. A 2018 aka ɗauki 8 aka kai su gandun dajin Gadabeji, a arewacin jahar Maraɗi, inda suka ɓace tun shekarun 1970. Da ba a ƙirga ba, da ba a san sun kusa ƙarewa ba.

Akwai waɗanda ba su sami wannan gata ba. Mariri ya ɓace daga dajin ƙasarmu. Jimina, wadda kakanninmu ke gani a arewa, ta koma sai a killace, kamar a wurin kiwonta na Kelle cikin jahar Damagaram. Tambayi kanka: yaushe rabonka da ganin burtu, ko gauraka, ko tuje? Yaushe rabonka da ganin ungulu sun cika mahauta? A 2015 aka sa ungulun da muka saba gani a gari cikin jerin tsuntsayen duniya da ke bakin ƙarewa. Guba da masu sayar da sassan jikinta sun rage ta. Ita ce kuwa mai share mushe kafin ya ruɓe ya jawo ƙuda da karnuka. Ta ragu a gaban idonmu, ba wanda ya rubuta ranar da ta fara raguwa.

Amsa ga masu shakka

Na san akwai masu cewa: “Yawon daji ba ya cika ciki. Mai neman abin da zai ci yau ina ya ga lokacin ƙirgar tsuntsaye?” Maganarsu tana da nauyi. Shi ya sa ban ce kullum ba. Safiya uku a shekara na ce. Muna ba da fiye da haka ga zaman kasuwa da hira a gindin bedi. In safiya guda ta sa an ga ƙuduji tun bai yi iri ba, ko an ga ɗiyan fara tun suna rarrafe, ta biya kanta da damma masu yawa.

Wasu za su ce: “Wannan aikin ma'aikatan daji ne da malaman gona.” Gaskiya aikinsu ne. Amma ma'aikaci guda yana da garuruwa da yawa a wuyansa, ba ya iya zuwa kowace fadama. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ne idonsa. In ya zo ya tarar da kaye a rubuce, da kwanan wata, da wuri, maganarmu za ta yi nauyi fiye da “mun ji an ce”.

Wasu kuma tsoro suke ji: “In muka rubuta itatuwanmu, gobe a zo a ci mu tara.” Wannan tsoro yana da asali, domin a da manomi yana ganin iccen gonarsa kamar ba nasa ba ne. Amma abubuwa sun sauya. A ranar 30 ga Yuli 2020 gwamnati ta fitar da doka kan sassabin zamani, wadda ta amince cewa manomin da ya raya icce a gonarsa yana da hakkin amfana da shi. Rubutu a nan shaida ce gare ka. Yana nuna wanda ya raya, da shekarar da ya fara. Kafin ka sare babban icce dai, ka nemi bayani wurin ma'aikacin daji.

Masu magani da maharba su ma suna da tasu damuwa: “Sirrinmu ne, gadon iyayenmu.” Ba wanda ya ce su tona haɗin maganinsu. Sunan icce da wurin da yake kawai ake nema. Su da kansu sun fi kowa sanin cewa saiwar da suke tonowa a bayan gari a da, yau sai sun yi tafiyar yini, ko su saya a kasuwa. In iccen ya ƙare, sirrin ma ya ƙare.

Yadda za a tsara aikin

Na farko, a sanar da mai gari, a zaɓi mutane a gaban jama'a. A sa tsohuwa mai tsintar ganye, da maharbi, da makiyayi, da mai magani, da manomi, da marubuci ko marubuciya daga makarantar yaƙi da jahilci, da yara biyu, namiji da mace. Kada a bar mata a baya, domin su suka fi sanin ganyen miya da iccen wuta. Kada a bar Fulani da Buzaye na kusa, domin ba wanda ya kai makiyayi sanin ciyawa.

Na biyu, a tsai da hanya guda, wadda za a riƙa bi kowane lokaci: daga bakin gari, a bi ta gonaki, a ratsa burtali, a kai tabki ko fadama, a komo. In ana sauya hanya, ba za a iya gwada bana da bara ba.

Na uku, a fita sau uku: bayan shuka ta tsiro, da lokacin kaka, da tsakiyar rani. A fita da sassafe, lokacin da tsuntsaye ke motsi, rana ba ta yi zafi ba.

Na huɗu, a ja layi a kaye, a yi gida shida: kwanan wata, wuri, suna, yawa, amfani ko illa, da sunan wanda ya faɗa. A wajen yawa, in ƙirga ta yi wuya, a rubuta “da yawa”, ko “kaɗan”, ko “guda”, ko “babu”. Kalmar “babu” tana da muhimmanci ƙwarai. A ware shafi na musamman domin abubuwan da tsofaffi suka sani a da, waɗanda yau ba a ganin su.

Na biyar, a rubuta duk sunayen da aka ji. Icce guda yana iya samun suna da yawa: wani ya ce bedi, wani ya ce dogon yaro, wani ya ce maina. A ƙara sunansa da fillanci, da buzanci, da zabarmanci, da barbarci, in akwai mai ji. Abin da ba wanda ya sani, a tsinki reshe guda mai ganye da fure, a shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da abu mai nauyi har ya bushe, a nuna ma ma'aikaci. Mai wayar salula ya ɗauki hoto.

Na shida, a kiyaye dokoki. Ba a shiga gonar mutum sai da izninsa. Ba a ɗanɗana abin da ba a sani ba. Ba a sa hannu cikin rami. Ba a ɗaukar ƙwai, ba a taɓa sheƙa. A sa takalmi, a riƙe ruwa da sanda. In an ga wurin da dabba mai wuyar gani take kwana, kada a yaɗa labarin ga baƙi masu neman saye. Inda babu kwanciyar hankali a daji, kada a yi nisa. Gonakin bakin gari ma sun isa a fara.

Na bakwai, kayen na gari ne. A ajiye shi wurin mai gari ko a makaranta, cikin leda, nesa da gara da ruwa. Sau ɗaya a shekara a karanta shi a gaban jama'a. Ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, ta dace da wannan. A nan za a yanke shawara: wane icce ne ya ragu da za a tara irinsa, wane wuri ne za a huta da shi, wane baƙon haki ne za a yi gayyar tugewa.

Kira ga sababbin masu karatu

Ƴan uwa, kun sha wahala kafin ku iya haɗa baƙi da wasali. Wasu sun yi muku dariya, suna cewa girma ya kama ku, me za ku yi da boko. Ga aikin da ke jiran ku, wanda ba wani da zai zo daga Yamai ya yi muku shi. Tsoho yana da sani, ba ya da alƙalami. Ɗan lakwal yana da alƙalami, bai san daji ba. Ku ne a tsakiya: kun tashi kuna kiwo da noma, yanzu kuma kun iya rubutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kada ku jira sai kun iya rubutu mai kyau. Kada ku jira sai an kawo muku wani taimako. A wannan mako, ku sami tsoho guda ko tsohuwa, ku gaishe su da ladabi, ku ce: “Baba, ko Inna, muna son ku raka mu bayan gari, ku nuna mana abin da kuka sani.” Ku rubuta suna goma a rana ta farko. Shekara ta farko kayen zai zama jerin sunaye kawai. A shekara ta biyar zai fara gaya muku abin da ke ƙaruwa da abin da ke tafiya. Jikokinku kuma za su buɗe shi su ga abin da ƙasarsu ta ƙunsa, da sunan wanda ya faɗa, da hannun wanda ya rubuta.

Garin da ya fara wannan aiki, ya aiko ma jaridarmu labari, da sunayen da ya samu, domin sauran garuruwa su gani su yi koyi.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mana dajinmu da dabbobinmu, ya ƙara mana lafiya da zaman lafiya. Amin.